Dubiyar da Muka Yi wa Giwa

Wautata tana da yawa, in na ce zan jera ta sai a kira magariba ban kai rabi ba. Amma wadda ta fi tsaya min a wuya ita ce wannan: har na yi gemu, har na ajiye iyali, ina ɗauka mai ƙiba ba ya jin ciwo kamar sauran mutane. A lissafina na wanda ya gudu daga makaranta tun bai iya rubuta sunansa daidai ba, kitse katifa ce. Kafin ciwo ya ratsa shi ya kai ga ƙashi, ai ya gaji a hanya. Mu ramammu, da ƙashinmu ke waje kamar haƙarƙarin rumfa, mu ne abin tausayi. Haka na yi imani, kuma har wa'azinsa nake yi a bakin shago.

Ni tela ne, ko in ce na taɓa zama tela, don yanzu idona da kafar allura sun ɓata. A shekarun da nake magana, lokacin da masaƙun Kakuri ke raye, jiniyarsu na tashin mutane tana sallamarsu, shagona wani ɗan akurki ne a gefen hanyar da ma'aikata ke bi. Daga kan keken ɗinkina ina hango rumfar taubashiyata, 'yar kawuna, mai sayar da tuwo da farfesun kayan ciki. Ta ɗan girme ni. Wanda bai san taubasantaka ba, in ya ji mu, sai ya rantse gaba muke yi. Ina kiranta Giwa, tana kirana Tsinke. Kowannenmu yana cewa ɗayan bawansa ne, kuma har ta bar duniya ba mu daddale wane ne ubangidan ba.

"Giwa, a hankali dai, ƙasar nan ta gwamnati ce!"

"Tsinke, riƙe ƙofa, ga iska nan tafe."

Gaisuwarmu ta safe ke nan.

Jikinta shi ne allon tallarta. Wa zai yarda da miyar mai tuwo siririya? Ma'aikatan masaƙa, Hausawa da mutanen kudancin Kaduna, da Inyamuran makanikai masu baƙin mai har gwiwar hannu, duk Hajiya suke ce mata, alhali ko filin jirgi ba ta taɓa zuwa ba. Jikin ne ya ba ta Hajiyar. Mijinta, wani direban tifa mai sanyin hali da muke kira Malam, in an yaba ta a majalisa sai ya gyara hula, kamar shi aka yaba. Ni kuwa na fi kowa sanin yadda abin ke tafiya, don ni ke ɗinka mata kaya. Kowace salla sai tef ɗina ya ƙara tafiya kafin ya zagayo.

Akwai wani sauti da take yi in za ta tashi. Ba a kan kujera take zama ba, wani tsohon turmi ne aka kifa mata kusa da murhu. Sai ta dafa gwiwa da hannu ɗaya, ta kama ginshiƙin rumfa da ɗayan, ta ja numfashi, ta ce "wash." A tsakanin numfashin da kalmar, in wuri ya yi shiru, kana jin gwiwar tana ƙurus-ƙurus kamar ana tauna aya. Ni na iya kwaikwayon sautin nan har ma'aikata su riƙe ciki. Ita ma takan yi dariya, ta jefe ni da mara.

Kowa ya ce sanyi ne. An yi ƙaho har bayan ƙafarta ya zama kamar allon dara. An sha jiƙo, an shafa man zafi mai warin da ke kashe ƙamshin miya. Ciwon ya tashi daga gwiwa ya hau ƙugu, ya sauko diddige, ya koma. Ba ya kwantar da ita, ba ya kuma sakinta. Irin ciwon da ba a zuwa wa dubiya ke nan, don mai shi yana bakin sana'arsa kullum.

Wata rana da azahar na leƙa bayan rumfar neman wuta, sai na same ta tana salla a zaune kan benci. In ta zo ruku'u ta ɗan sunkuya, in ta zo sujada ta ƙara sunkuyawa kaɗan, goshinta yana rataye a iska. Na jira ta sallame.

"Iye! Yau sallar sarauta ake yi?"

Ba ta rama ba. Ta shafa addu'a, ta naɗe ɗankwalin da ta yafa, ta ce, "Rabon goshina da ƙasa har na manta." Na ɗauki garwashina na fita ina dariya. Sai bayan shekaru na lura wannan ne karo na farko da na jefa mata magana ba ta dawo min da ita ba.

Wadda ta kai ta asibiti maƙwabciyarta ce, wata Kirista 'yar kudancin Kaduna da mijinta ke aiki a masaƙa, suna haya gida ɗaya. Ita ta gaji da jin nishi ta bayan bango, ta sa ta a tasi suka tafi. Ban bi su ba. Labarin a bakin Giwa na ji washegari, tana zaune gaban baho tana wanke tumbin sa.

Ta ce likitan yaro ne, bai daɗe da dawowa daga karatu a ƙasar waje ba. Ya ɗauki hoton ƙashin, ya ɗaga shi a taga, ya nuna mata inda gwiwar ta cinye kanta. Ya ce ba sanyi ba ne, kaya ne ya fi ƙarfin jaki. Ya ce a can inda ya yi karatu akwai tiyatar da ake yi wa masu irin jikinta: a buɗe ciki, a ɗinke tumbin mutum ya zama ɗan ƙarami, yadda loma kaɗan za ta cika shi. Ya ga waɗanda aka yi wa. Waɗansu da jiki ya sauka ciwon ya bi shi ya sauka. Waɗansu kuma jikin ya tafi ya bar musu ciwon, don ƙashin ya riga ya gama lalacewa kafin a kai ga wuƙa. Nan dai ba a yi, in ji shi, kuma ko ana yi ba wasa ba ce. Amma nata ƙashin da saura. In ta rage da kanta tun yanzu, yana sa ran za ta ga bambanci.

Tana faɗa tana juya tumbin a hannu. Babu wanda ya san tumbi a Kakuri kamarta, kullum sai ta wanke shi ciki da waje. Ta ninke shi, ta sake ninkewa, ta damƙe da yatsu har ya rage kamar jakar ɗan kwabo. Ta daɗe tana kallonsa.

"Kawo naki in yi miki," na ce. "Kalmasa biyu ne, kafin la'asar kin karɓa."

"Kai? Kai da ka ɗinka wa Malam wando ƙafa ɗaya tana gaida ɗaya daga nesa?" Ta jefa tumbin cikin ruwa. "Ni zan ɗinke abina."

Ban ɗauka da gaske take ba. Mai tuwo ta yi gaba da tuwo? Amma ta yi. Ta daina ɗanɗanon da ake yi da ludayi, ta koma ɗiga miya a tafin hannu. Ta rabu da man shanu, ta rabu da ƙanzo, wanda ta fi so fiye da tuwon kansa. Malmalarta ta koma kamar ta yaron da aka yaye. Da safe kafin a hura wuta, ita da maƙwabciyar nan su taka har layin dogo su dawo, tana tafe tana hutawa. Duk ranar Allah tana tsaye cikin ƙamshin da ke jawo mutane daga ƙofar masaƙa, tana zuba wa wasu, ita tana haɗiyar yawu. Ni da ba na iya wuce mai ƙosai ban tsaya ba, ban taɓa tunanin abin da hakan ke ci mata ba.

Rani ya wuce, damina ta sauka, riguna suka fara yi mata yawo a jiki. Ta ɗauro su a ɗankwali ta kawo min in rage. To, mu teloli muna da ƙa'ida: ba a yanke yadin mutum in an zo ragi. Ninke shi ake yi a ciki a bi da ɗinki, don jiki baƙo ne, yau ya tafi gobe ya dawo. Haka na yi. Da ta zo karɓa ta juya rigar, ta ga tudun yadi kwance a cikin kowane gefe.

"Wannan fa?"

"Hanyar dawowa na bar miki."

"Yanke shi."

"Haba Giwa, atamfa mai tsada..."

"Tsinke, na ce ka yanke."

Na ce to, gobe. Alkawarin tela. Ta karɓi kayanta a haka.

Ranar da ba na mantawa wata la'asar ce bayan an ɗauke ruwa. Ina kan keke sai na ji ana ƙwala min kira daga rumfa, irin kiran da ake yi in wuta ta kama. Na fita da almakashi a hannu. Tana tsaye a bakin rumfar, ba ta dafa komai ba. Ta sa yatsa ta nuna goshinta.

Yashi ne. Ɗan yashi mai laima, wanda ya ratso tabarma, ya manne mata a tsakiyar goshi da kan hanci.

"Giwa ta yi tuntuɓe?" na ce.

Ta yi dariya har hawaye na bin kumatunta, ta ce, "Bawan banza. Kai dai ba ka san komai ba." Ranar nan har ta tashi daga kasuwa ba ta share goshin ba. Masu cin tuwo suna ce mata Hajiya ga ƙasa a fuskarki, tana cewa ta sani.

Da a nan labarin ya tsaya, da ban dame ku da shi ba.

Abin da ita take ji a gwiwa, mu ba ma ganinsa. Abin da muke gani fuska ce. Kumatun sun zube, wuya ya yi tsawo, fatar damtse tana lilo in tana tuƙi. Wani Inyamuri makanike da ya shekara yana cin farfesunta ya tsaya da kwano a hannu ya ce, "Hajiya, wetin do you? Ba lafiya?" Ta ce lafiya lau, lafiyar ce ma ta kawo haka. Ya gyaɗa kai, amma washegari a wata rumfar na hango shi.

Magana ta fara zagaya Kakuri. Wasu suka ce tarin fuka ne, ko da yake babu wanda ya taɓa jin ta yi tari. Wasu suka ce jifa ce, kasuwarta ta tsone wa wani ido. Lokacin kuma rediyo ya fara maganar wata sabuwar cuta mai tsotse mutum, wadda ba a san kanta ba, ba a ma son kiran sunanta. Ba wanda ya faɗa a gabanta. Bencin masu cin tuwo dai ya riƙa yin sauƙi. A majalisa wani ya tambayi Malam, cikin raha wai, ko tifar ce ta daina kawowa. Malam ya dawo gida ko tuwo bai iya ci ba.

Sai dangi suka ji. Daga Tudun Wada, daga Unguwar Sanusi, mata suka fara sauka a tasi da langa a ɗaure cikin tsumma. Kun san dubiyarmu. Ba a zuwa hannu rabbana, ba a kuma kawo wa majinyaci abin da bai da maiƙo. Farfesun kaza, kunun gyaɗa mai kauri, fura da nono an kwarara mata man shanu, dambun nama. Kuma mai dubiya ta gari ba ta ajiyewa ta tafi. Zama take yi, ta buɗe langar da hannunta, ta ga an ci.

Ta yi musu bayani. Ta faɗi likita, ta faɗi hoton ƙashi, har tashi ta yi ta zauna a gabansu ba tare da ta dafa bango ba. Suka kalli juna. A wurinsu wannan ma alama ce: majinyaci mai ƙarfin hali, mai ɓoye ciwo don kada a damu. Maƙwabciyar nan ta leƙo ta ce, "Mama, ku bar ta mana, sauƙi take samu." Aka yi mata godiya mai sanyi, irin wadda ake yi wa bare in ya sa baki a maganar dangi. Ta koma ɗakinta.

Wadda ta karya ta uwata ce, gwaggonta, wadda ta goya ta tana jaririya. Tsohuwar ta tattaro kayanta ta tare a gidan. Ta dube ta sama da ƙasa ta fashe da kuka.

"Wane irin likita ne zai hana mutum abinci? In ya gaji da maganinki ya faɗa mana. Ɗan'uwana ya bar min ke amana, in je in ce masa me? Ci. Ko don ni."

"Gwaggo, wallahi na ƙoshi."

"Da me? Da iska? Buɗe bakin."

Wa zai ce wa gwaggo a'a, tana riƙe da loma a hannu tana hawaye? Ni ne ɗan aike. Abin da matata ta dafa bisa umarnin tsohuwa, ni nake ɗaurawa a bayan keke in kai. In ana rabon lada a wannan lamari, ina ganin ni na fi kowa taimakon Giwa, don kazar da ta baro gidana da cinya biyu da wuya ta isa da ɗaya. Ban yi don Allah ba, amma na rage mata.

Na taɓa shiga na same ta da kwano a gaba, tsofaffi sun kewaye ta. Ta ɗago ta dube ni. Duk ɗakin nan ni kaɗai na ga yashin goshinta ranar nan. Da na buɗe baki na ce jama'a, ni shaida ne, matar nan warkewa take yi, wataƙila da an saurara, wataƙila da an ce Tsinke ya fara shirmensa. Ban sani ba. Abin da na sani, bakin taubashi ba a gina shi don irin wannan magana ba. Na ce, "A ci dai, Giwa, kar a bar mu da jaki." Ɗakin ya ɗauki dariya. Ta sunkuyar da kai ta sa hannu a kwanon.

Jiki ya dawo, ya kuma zo da 'yan rakiya. Ba a yi wata nawa ba aka aiko min da rigunan. Ban sha wahala ba ko kaɗan. Na sa reza na bi ɗinkin, yadin da na ninke ya buɗe, sabo fil, launinsa ya fi na sauran rigar haske. Har na yaba wa kaina hangen nesa.

Kakuri ta yi murna. Benci ya cika, Inyamurin nan ya dawo yana cewa Hajiya ta warke, Malam ya yi sadakar waina a masallaci. Mata suna shigowa barka da arziki. Uwata ta koma gida tana cewa ba don ta tashi tsaye ba da an rasa yarinyar nan. Har ta rasu tana alfahari da wannan jinya, kuma ban taɓa iya yi mata musu ba.

Sallar ta koma kan benci. Daga baya turmin ma ya gagara, don in ta zauna sai an kama ta za ta tashi. Ciwon ya daina zagaye, ya zauna ko'ina lokaci ɗaya. Ba ta koma wurin likitan ba. Ta ce da wane ido za ta kalle shi. 'Ya'yanta mata suka karɓi rumfar, ita ta koma ɗaki, kan katifa a ƙasa, bayanta jingine da bango. Fuskar nan kuwa tubarkalla, kumatu na sheƙi. Duk wanda ya tambaya sai a ce masa Hajiya ta huta, yara sun ɗauke mata. Ya ce kai madalla, haihuwa mai rana.

Ta yi shekaru a haka kafin Allah ya karɓi abarsa. Masaƙun sun mutu, jiniya ta yi shiru, inda rumfar take yanzu wani ke sayar da tayoyi. Ni kuma tsufa ya zo min da nawa ciwon gwiwar, duk da ba ni da naman da zai ishi kyanwa, don haka maganar katifa ta daɗe da fita kaina. Amma har yau ina kai goshina ƙasa. Abin da ke damuna shi ne bayan sallama, in na kai hannu zan share. Sai in ji yashin a yatsuna, hannun ya tsaya. Wani lokaci a sahu wani tsoho zai yunƙura ya ce "wash," in waiga da sauri kamar an kira ni. Jikokina sun ce na fara ruɗewa. Ban gaya musu wa nake nema ba.

Zuwana na ƙarshe da na tuna sosai, ana saura kwanaki salla ne. Malam ya sayo mata atamfa, ya ce in je in gwada ta, don tsohon awon ba zai yi ba. Na yi sallama na shiga. Ɗakin na warin man zafi. Tabarmar sallarta tana naɗe a saman kwaba, ƙura ta kwanta a kanta. Tsakar gidan shiru, babu takalmin baƙo ko ɗaya a bakin ƙofa.

Na durƙusa na zagaya ta da tef, hannuwana da ƙyar suka haɗu. Na kama bakin tef ɗin da haƙori ina laluben alli a aljihu, ina ta shirya wadda zan jefa mata, wani abu a kan tef ɗin da zai buƙaci ƙani. Sai ta riga ni. Ba da faɗa ta yi maganar ba, ba kuma da wasa ba. Ko sunan da take kirana ba ta kira ba.

"Lokacin da nake samun sauƙi kun cika min gida da dubiya. Yanzu da nake ciwon, kai kaɗai ka zo. Kai ma awo ya kawo ka."